Wa Ya Kamata Ya Yi Magana Da Yawun 'Yan Arewa A Kurmi?

Duk wanda ya daɗe da zama a Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal ya san cewa yawancin al'amuran da suka shafi abincin ɗan Arewa a waɗannan garuruwa a wurin zama ake yanke su. Wani zaman a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yinsa, wani a fadar sarkin gari, wani a ofishin 'yan sanda na yanki, wani kuwa a ƙarƙashin rumfa a bakin kasuwa. A can ne ake tsai da ko za a tashi kara a mai da ita bayan gari, ko za a ƙara kuɗin rumfa, ko za a hana sauke kaya da dare, ko kuwa wa zai biya ɓarnar da aka yi bayan wata hatsaniya. A kowane irin wannan zama akan zo inda shugaban taro zai waiwaya ya ce, to, a ji daga bakin Hausawa. Lokacin da ake bayarwa bai cika wuce minti biyar ko goma ba, amma sau da yawa jarin mutum dubu yana rataye ne a kan waɗannan 'yan mintoci.

Abin da aka saba gani a daidai wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya fi kowa shekaru, ko wanda ya fi kowa shanu a kara, shi ne zai miƙe, domin kunya ba ta barin wani ya riga shi. Zai fara da gaisuwa, ya bi manyan wurin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da sarautunsu, ya gode wa gwamna wanda ba ya ma wurin, sa'an nan ya shiga tarihin yadda kakanninsa suka sauko da kanwa da shanu tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgi. Tafinta yana biye da shi, yana faɗin rabi yana zubar da rabi. Kafin ya iso kan abin da ya kawo su, magatakarda ya miƙo 'yar takarda cewa lokaci ya ƙare. Sai ɗaya ɓangaren su tashi da takarda a hannu, su faɗi buƙatarsu a taƙaice da lissafinta, a rubuta. A koma unguwa ana cewa an yi zalunci, an nuna ƙabilanci. Wani lokaci lalle an yi. Amma sau da dama hukuma ta rubuta abin da ta ji ne kawai, daga ɓangaren 'yan Arewa kuwa ba ta ji wani abin rubutawa ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ya tuna abubuwan da suka faru. An yi rikicin Shagamu a watan Yuli 1999, an yi na Idi Araba a Fabrairu 2002. A watan Maris 2016 aka yi na kasuwar Mile 12, har Gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar, tumatir da tattasai suka ruɓe a cikin kwanduna. A Fabrairu 2021 aka yi na kasuwar Sasa a Badun, inda aka yi asarar rayuka aka ƙone rumfuna da gidaje, har sai da waɗansu gwamnonin Arewa suka taso takanas. Daga 1 ga Yuni 2022 kuma aka hana acaɓa ƙwata-ƙwata a ƙananan hukumomi shida na Jihar Legas, aka ƙara huɗu a watan Satumba na shekarar. Ba mai cewa rashin iya magana ne ya haddasa waɗannan abubuwa. Amma bayan kowannensu an zauna, kuma a zaman ne aka tsai da ranar buɗe kasuwa, da sharuɗɗan buɗe ta, da wanda za a taimaka wa da wanda za a manta da shi.

Saboda haka ya kamata jama'a su raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, watau girman dattijo da aikin magana. Girma na dattijo ne, ba mai ƙwace masa. Shi zai shiga gaba, shi zai zauna a kujerar farko, shi zai buɗe da addu'a da gaisuwa. Amma tsayuwa a gaban hukuma a warware matsala cikin minti biyar sana'a ce kamar dillanci ko fawa, ana koyonta, kuma wani ya fi wani. Al'adar Arewa kanta ba ta taɓa ɗaukar sa wani ya yi magana a matsayin ƙasƙanci ba. Sarki a fada yakan faɗi kalma biyu a hankali, wani ya ɗaga murya ya isar da ita. Fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi sun san sarakunan Asante ma ta bakin mai sanda suke magana. Sama da wannan duka, Annabi Musa, Alaihis Salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangiji Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna domin ya fi shi fasahar harshe, kuma aka amsa masa. In Annabin Allah ya nemi mai taya shi magana, babu dalilin da zai sa sarkin kasuwa ya ji nauyin nema.

Misalin da ya fi dacewa da mazauna Kurmi kuwa shi ne na Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekara ta 615, domin su ma baƙi ne a ƙasar da addininta da harshenta suka bambanta da nasu. Ƙuraishawa suka aiko da jakadu biyu, cikinsu har da Amru ɗan Asi, wanda aka sani da wayo, ɗauke da kyaututtuka ga Sarki Najjashi da fadawansa, suna neman a miƙa musu baƙin ba tare da an ji ta bakinsu ba. Sarki ya ƙi, ya ce sai ya saurare su. A cikin masu hijirar akwai waɗanda suka girmi Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, akwai waɗanda suka fi shi dukiya, amma shi ne ya yi magana da yawunsu, Allah Ya yarda da shi. Abin lura shi ne yadda ya jera zancensa. Ya faɗi halin da suke ciki a da, ya faɗi abin da aka kira su zuwa gare shi, ya faɗi wahalar da aka gana musu, sa'an nan ya nuna wa Sarki cewa sun zaɓi ƙasarsa ne domin suna fatan ba za a zalunce su a wurinsa ba. Da aka nemi ya karanta wani abu daga abin da aka saukar, bai ɗauko duk surar da ta zo bakinsa ba. Ya dubi waɗanda ke gabansa, Kiristoci ne da malamansu, sai ya karanta farkon Suratu Maryam. Kashegari da Amru ya komo da wata dabara, ya ce a tambaye su abin da suke faɗi game da Annabi Isa, Ja'afaru bai ɓoye aƙidarsu domin neman yardar Sarki ba, bai kuma faɗe ta da gatsali ba. Aka mayar wa jakadu kyaututtukansu, baƙi suka ci gaba da zama lafiya.

Ja'afaru ya shiga fada ya san abu guda da yake nema, ya san su wa ke sauraro, kuma bai yi ƙarya ba. Mai magana da yawun 'yan kasuwa ko 'yan dako yana bukatar waɗannan. Kafin ranar zama ya kamata kwamiti ya taru ya tsai da buƙata ɗaya, in ta yi yawa biyu, domin wanda ya shiga da koke goma yakan fito ba a amsa masa ko ɗaya ba, sai a zaɓi mafi sauƙi a yi masa alkawari. Sa'an nan a tara hujja. Rumfa nawa ce ta ƙone, ta wa da wa, nawa ake biya kowace mota in ta sauke kaya, mota nawa ke shigowa a mako, shekara nawa aka yi ana biya. Rasit ɗin da ake cusawa a aljihun riga har ya yage shi ne makamin ranar. Ciyaman na ƙaramar hukuma ba ya girgiza don an ce masa Hausawa suna da yawa, amma in aka ajiye masa lissafin kuɗin shigar da hukumarsa ke samu daga kasuwar kowane wata, da rasit a manne, zai gyara zama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aiki na mako guda ne ko biyu, ba na daren jajibere ba.

Maganar harshe ita ce ta fi ban takaici, domin maganinta yana cikin gida an ƙi amfani da shi. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, Agege da Shagamu su ma sun ga jikoki da tattaɓa-kunne. A waɗannan unguwanni akwai samarin da aka haifa a nan, suna jin Yarabanci kamar 'yan gari har da karin maganarsu, sun yi makaranta, waɗansu lauyoyi ne, waɗansu malamai. Amma ranar zama su ne ke tsaye a waje suna gadin takalma, an shiga da tafintan da ba a san cikinsa ba. Wanda ya gai da Kabiyesi da harshensa yadda ake gai da shi, ya riga ya sami kunnen fada kafin ya ce komai. Haka a ƙasar Ibo, inda ba a fara zance sai an kawo goro an yi masa addu'a an fasa, baƙon da ya san ya jira wannan ya ƙare, ya karɓi nasa da ladabi, ya fi wanda ya tsoma baki da gaggawa. In taron na talakawa ne, to Turancin buroka ya fi na littafi isa. Mai magana ba ya zaɓen harshen da zai burge mutanensa, na waɗanda ke da ikon yanke hukunci yake bi.

Akwai kuma abin da ake mantawa a ƙasar Yarabawa, watau kasuwa a hannun mata take, Iyaloja tana da faɗa a ji fiye da kansiloli da yawa. Tawagar 'yan Arewa takan shiga maza zalla, alhali akwai mata masu tuwo da masu sai da hatsi da ke zaune da matan gari kullum, sun san damuwarsu, suna zuwa sunan juna. Arewar da ta fitar da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta hau dandamali tun shekarun 1950 ta sha ɗauri a kan haka, ba ta rasa macen da za ta yi magana a gaban Iyaloja ba.

Tarihin siyasa ma ya nuna abin da ke faruwa in an yi magana a cikin ɗaki an manta da na waje. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya kawo gyara cewa a bar shi sai lokacin da ya yiwu. Wakilan Arewa suna da dalilinsu, domin a lokacin Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi in Turawa suka tafi. Amma wannan dalili bai isa kunnen mutanen titi ba, waɗansu ne suka fassara musu shi yadda suka ga dama. Aka yi wa wakilan ihu a Ikko, suka koma gida da ɓacin rai, kuma a watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano, mutane fiye da talatin suka mutu. Shekara bakwai bayan haka, a wannan Ikko ɗin, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a filin sukuwa ranar 1 ga Oktoba 1960 ya yi jawabin karɓar mulki kowa ya yi tsit, filin da yanzu ake kira da sunansa. Mako guda bayan nan ya yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta.

Mutane sukan ce Ɓalewa baiwa ce Allah Ya ba shi, har ake masa laƙabi da mai muryar zinariya. Murya baiwa ce, babu musu. Amma malamin makaranta ne wanda ya yi shekaru yana tsayuwa a gaban aji, inda in yara ba su fahimta ba fuskarsu take nunawa nan take. Kuma a farkon shekarun 1940 shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna cikin masu halartar wani zaman tattaunawa a Bauchi, inda ake ɗauko batu a yi muhawara a kansa har a gaban manyan En'e. A irin wannan wuri aka wasa harsunan da daga baya suka girgiza majalisu. Jawabansa suna nan a ajiye, duk saurayin da ke da waya zai iya saurara ya ji yadda ba ya gaggawa, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, yakan kuma dakata bayan magana mai nauyi ya bar ta ta zauna. Malam Aminu a wurin lacca da wata hanya yake bi. Yakan ɗauko abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya, haraji da jangali da aikin tilas, ya faɗe shi da Hausar da manomi ke ji, ya sa a yi dariya, sa'an nan ya kawo inda yake so. Alhaji Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, har ya rasu a 2017 idanunsa sun daɗe da rufewa, amma yakan riƙe babban zaure ba takarda a hannunsa, domin ya riga ya jera abin da zai faɗa a ransa. Jam'iyyunsu sun bambanta, amma dukansu allo da alli suka fara riƙewa.

Dattawa suna da uzuri guda biyu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko suna cewa mai daɗin baki abin tsoro ne, yau yana magana da yawun jama'a, gobe ya sayar da su ya karɓi rumfa biyu. Wannan ya sha faruwa, kuma zamanin sojojin baka ya ƙara wa mutane ƙyamar masu iya zance. Amma maganinsa shi ne kada a tura mutum shi kaɗai, a rubuta abin da aka aike shi da shi, dattawa su zauna a gefensa suna ji, in an fito kuma ya tsaya a gaban jama'a ya ba da rahoto. Ai ba a daina ɗaukar direba don wani direba ya taɓa gudu da mota. Na biyu suna tsoron zafin kan samari, kuma a nan gaskiya tana tare da su fiye da yadda samarin ke zato. Akwai mai maganar da in ya karɓi lasifika ya ji tafi sai ya manta inda yake, ya shiga cika baki da barazana, ya ce in an taɓa su za a gani a Kano. 'Yan'uwansa su yi ta kabbara, su koma gida suna cewa yau an faɗa musu. Irin wannan ya ci tafi ya faɗi shari'a. Bayan rikicin Shagamu na 1999 an yi ramuwar gayya a Kano, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka mutu, alhali a lokacin babu wayar hannu a hannun kowa. Yanzu kuwa babu taron da ba a ɗauka a waya, kafin mai magana ya sa takalminsa muryarsa ta kai Sabon Gari, an yanke farkonta da ƙarshenta. Magana zarar bunu ce. Duk wanda zai tashi a Sasa ko Mile 12 ya sani cewa taro biyu ke sauraronsa, na gabansa da na nesa, kuma ya auna kowace kalma da tunanin ɗan Kudun da ke sayar da kayan mota a Kano, wanda shi ma baƙo ne mai iyali.

Magana da mutanen gida ma tana da nata haƙƙi. Waɗanda ke zuwa taron reshen jam'iyya bayan sallar isha'i 'yan dako ne da masu shayi da masu gadi, waɗansu tun asuba suke a tsaye, waɗansu daga nan za su wuce wurin aiki. A kira su ƙarfe takwas a fara ƙarfe goma, sa'an nan mutum bakwai su tashi kowa ya maimaita gaisuwar da na gabansa ya yi, wannan cin amanar lokacinsu ne, shi ya sa wata mai zuwa ba sa dawowa. Mai jawabi ya fara da abin da ya tara su, ya dubi fuskokin na baya ba na kujerun gaba kaɗai ba, in ya ga hamma ta fara yawa ya san laifin nasa ne. Ya bar lokacin tambaya, domin tambayar mai turin baro takan tono abin da kwamiti bai hango ba. In an tambaye shi abin da ba shi da amsarsa, ya yi alkawarin kawowa a zama na gaba, kuma ya kawo.

Abin da ya rage shi ne wurin koyo, kuma ba ya bukatar kuɗi ko izinin kowa. Kowane reshen jam'iyya da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa a Agege da Obalende da Sabo da Ama Hausa ta Owerri suna da zaman wata-wata. A ware rabin sa'a daga ciki. A ba samari uku ko huɗu, har da mata, batu guda daga cikin matsalolin unguwa, kamar kuɗin shara ko kamen babura, kowa ya yi minti biyar, agogo a kan tebur. Wani ya yi da Hausa, wani da harshen gari, wani da Turanci. Dattijo ɗaya ya zauna a matsayin ciyaman ya yi musu tambayoyi masu zafi irin waɗanda za su tarar a sakatariya, malamin makaranta ko limamin unguwa ya gyara musu tsari. A cikin shekara guda reshe zai san wanda ke rikicewa in an katse shi, da wanda ke fusata, da wanda ke iya riƙe lissafi a ka, sai a rubuta sunayen uku da suka fi a littafin magatakarda tare da harshen da kowannensu ya fi ƙwarewa a kai, domin takardar gayyata daga hukuma sau da yawa kwana biyu kacal take bayarwa.